Karen kiwon shanu a gidan da babu shanu

"Likita, assalamu alaikum. Ina zaune a Kaduna da iyalina, gidan kaina ne mai katanga, amma tsakar gidan ba ta wuce wurin ajiye mota biyu ba. Yarana uku: babban shekararsa 10, ta tsakiya 6, ƙaramin 3. Ni da maiɗakina duk ma'aikata ne, ba ma dawowa sai bayan la'asar. Na daɗe ina kallon bidiyon wani kare mai launin toka da ake kira Blue Heeler yana kora shanu, basirarsa ta burge ni ƙwarai. Wani mai sayar da karnuka ya ce zai iya samo mini kwikwiyonsa, ko na Border Collie, ko Corgi, ko Rottweiler. Ina son wanda zai yi gadi, kuma yara su saba da shi. Wanne zan ɗauka?"

Wa'alaikumus salam, Malam. In na fahimce ka, kana son ka san wanne ne a cikin karnukan da aka samar don kiwon shanu zai zauna lafiya a gidan birni, inda akwai ƙananan yara kuma manya ba sa wuni. Bari in faɗa maka matsayata tun yanzu, dalilai su biyo baya: da yadda ka kwatanta gidanka, ba zan ce ka ɗauki wanda ya burge ka ɗin ba. Ina ƙaunar wannan kare, kuma a cikin karnukan da na taɓa dubawa kaɗan ne suka kai shi kaifin ƙwaƙwalwa. Wannan ƙaunar ce ma ta sa ba na son ganinsa a wurin da zai wahala, ya kuma wahalar da mutanen gida.

Abin da ake nufi da karen kiwo

A wurinmu, in an ce kiwo, abin da ke zuwa a rai shi ne makiyayi da sandarsa a kafaɗa, shanu na tafe tare da shi. Bafulatani ya san kowace saniya da sunanta, da murya da sanda yake juya garke. Karen da ke ruga aikinsa tsaro ne: ya yi haushi in kura ko baƙon dare ya matso. Ba a tura shi ya taɓa saniya. A ƙasashen da garke ke da girma kuma hannun aiki ya yi kaɗan, sai aka ɗora wa kare aikin makiyayin kansa, aka kuma raba aikin. Akwai mai kora daga baya, akwai mai kewayawa ya tattaro dabbobi ya kawo wa ubangidansa, akwai mai kwana cikin garke yana tsaro. An shafe shekaru aru-aru ana zaɓen iyaye ana haɗawa har halin aikin ya shiga jini. Kwikwiyon da bai taɓa ganin saniya ba da wannan halin ake haifarsa.

Blue Heeler ɗin da ka gani, sunansa a littattafan rajista Australian Cattle Dog, kuma daga rukunin masu kora yake. Tarihin da aka fi riwaitowa shi ne, wani mai garke da ake kira Thomas Hall a jihar New South Wales ta Ostireliya ya haɗa karnukan kora da aka kawo daga arewacin Ingila da karen dajin ƙasar mai suna dingo, kuma wajen 1840 ya samu irin da yake so. Matsalarsa ita ce shanun da suka girma sake a daji, ba su saba da mutum ba, ga shi sai an koro su tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa kasuwar Sydney cikin zafi da ƙura. Karnukan Ingila na lokacin suna gajiya, kuma yawan haushinsu na tarwatsa garke. Ana bukatar wanda zai yi shiru, ya jure wuni guda yana gudu, ya kuma yanke shawara da kansa in ubangidansa na nesa a kan doki. A 1903 aka wallafa siffofin irin a rubuce, wanda Robert Kaleski ya tsara.

Duba yadda yake aikin da kyau a bidiyon da kake kallo. Yana laɓaɓowa ta bayan saniya, ya cije ta a dunduniyar ƙafar da ta ɗora wa nauyi, nan take ya kwanta ƙasa, shurin da ta kai ya wuce ta saman kansa. Sunan Heeler ma daga kalmar dunduniya ya fito a Turanci. Nauyinsa kilo 15 zuwa 22 ne kawai, amma yana juya bijimin da ya ninka shi sau ashirin. Ka ga ke nan an gina shi a kan abu uku: bin duk abin da ke motsi, amfani da haƙori don juya shi, da rashin ja da baya in an doke shi.

Yadda wannan halin ke fitowa a gida

Yanzu ɗauki waɗannan abubuwa uku ka ajiye su a tsakar gidanka da la'asar, yara sun dawo daga islamiyya suna guje-guje da ihu. A idon wannan kare, garke ne ya watse, kuma aikinsa ne ya haɗa shi.

An taɓa kirana wani gida saboda irin wannan. Namiji ne, watansa tara, ƙosasshe, gashinsa na sheƙi, ba a rage shi da abinci ko riga-kafi ba. Ƙorafin maigidan shi ne kare ya zama mugu, yana cizon yara. Na ce a sake shi in gani. Ina tsaye a bakin ƙofa, ya zo ya shinshina ni ya koma gefe yana kallona, bai yi gurnani ba. Sai wata yarinya 'yar shekara biyar ta fito da gudu za ta ɗauko takalminta. Nan take kansa ya yi ƙasa, kafaɗunsa suka sauka, ya zagaya ta bayanta ya kama bakin wandonta daidai agara. Ta tsala ihu ta ƙara gudu, shi kuma ya ƙara himma, domin a wurinsa saniyar da ta ƙara gudu ita ce ke bukatar ƙarin cizo. Da ta tsaya cak a jikin mahaifiyarta, ya saki, ya zauna yana kaɗa wutsiya kamar wanda ya gama aiki yana jiran yabo. A ƙafar yarinyar akwai tsofaffin tabo uku, duk a wuri ɗaya.

Da na zagaya bayan gida sai na ga sauran labarin. Ya tone ramuka a gindin katanga, ya tauna tiyon ruwa, ya cinye wayar janareta, kuma a inda ake ɗaure shi ƙasa ta zama santsi a da'ira saboda kai-kawo. Awa goma yake yi a sarƙa kullum, sai dare a sake shi. Maigidan ya gwada duka, abin ya ƙara lalacewa, kuma dole ya lalace: karen da aka zaɓo kakanninsa saboda suna komawa kan saniya bayan ta shure su, bulala ba ta koya masa komai sai rashin yarda da mutum. Daga ƙarshe aka mai da shi gonar wani ɗan'uwansu mai shanun madara a wajen gari. Bayan wata biyu na je yi wa shanun allura, na same shi kwance a inuwar mangwaro, ya gaji tiɓis, yara na wucewa ta gabansa ko kai bai ɗaga ba.

Abin da irin wannan kare ke bukata a rana bai gaza awa ɗaya zuwa biyu na motsa jiki mai ƙarfi ba, kuma gudu kaɗai ba ya isarsa, sai an haɗa da abin da zai sa ƙwaƙwalwarsa aiki: koyon umarni, neman abin da aka ɓoye, ɗauko abin da aka jefa. Ba na wata ɗaya ba ne kuma. Yawancinsu suna yin shekara 12 zuwa 16, kuma ɗaya daga cikinsu a Ostireliya ya rayu shekara 29 da wata 5, daga 1910 zuwa 1939. Ƙaraminka zai gama sakandare karen na nan.

Akwai wani hali nasa da ya shafe mu musamman. Kare ne mai manne wa mutum ɗaya kamar inuwa, inda ubangidansa ya sa ƙafa nan yake son sa tasa. Mu kuwa yawancinmu ba ma shigar da kare ɗaki, a waje yake kwana, a waje yake wuni. Hadisin da ya yi izinin riƙe kare don kiwo da farauta da tsaron gona sananne ne, batun gadin gida kuma malamai sun yi bayani a kansa, wannan fagensu ne, sai ka tuntuɓi malaminka kafin ka kashe kuɗi. Abin da ya shafi nawa fagen shi ne, karen da zai zauna a waje shi kaɗai mafi yawan rana dole ya zama mai iya zaman kaɗaici, kuma wannan irin na cikin waɗanda suka fi kasa jure shi.

Sauran ukun da aka yi maka tayi

Border Collie ba zan daɗe a kansa ba. Asalinsa karen tumaki ne daga kan iyakar Ingila da Sikotilan, yana tattaro garke ne da kallo da laɓaɓawa. Basirarsa ta wuce misali: wata karya mai suna Chaser a Amurka ta haddace sunayen kayan wasa 1,022. Amma bukatarsa ta aiki ta kai ta na farkon ko ta fi, zuciyarsa ba ta da tauri, hayaniya na firgita shi, kuma bai dace da gadi ba. In aka bar shi ba aiki sai ya koma bin inuwa da babura da kaji. Cire shi daga lissafi.

Corgi, musamman na Pembroke, daga yankin Wales na Birtaniya yake, kuma shi ma mai kora ne ta dunduniya. Gajartarsa ce kariyarsa, shuri ta samansa yake wucewa. Tsayinsa santimita 25 zuwa 30, nauyinsa wajen kilo 10 zuwa 12. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta riƙe fiye da talatin a rayuwarta, kuma tun daga lokacin irin ya fi zama a falo fiye da garke, don haka zafin aikin ya ragu a jinin da yawansu. A cikin huɗun nan shi ne mafi kusa da abin da gida mai yara zai iya ɗauka. Sai dai yana da yawan haushi, har maƙwabta su yi magana, yana zubar da gashi sosai, kuma dogon baya da gajerun ƙafafu na jawo masa ciwon ƙashin baya, musamman in ya yi ƙiba, shi kuwa ba ya ƙin abinci. Ɗan kama dunduniyar ma yana nan, ƙarfin ne bai kai ba. Gadinsa iyakarsa sanarwa. Kuma kare ne da zafinmu ke wahalarwa in ba shi da ɗaki mai sanyi.

Rottweiler mutane da yawa ba su san karen shanu ba ne. A garin Rottweil na Jamus shi ke koro shanu kasuwa, yana kuma ja wa mahauta amalanken nama, har jirgin ƙasa ya zo ya karɓe aikin, shi kuma ya koma gadi da aikin 'yan sanda. Ya fi Blue Heeler natsuwa a gida, ba ya bukatar gudu kamarsa, kuma ana samunsa a Najeriya ba tare da wahala ba, har ka ga iyayensa da idonka. Damuwata da shi nauyi ne. Namiji na kai kilo 50, mace wajen 42. Kuskuren da a ƙaramin kare zai tsaya a yagaggen wando, a wannan asibiti ne, ga yaro ɗan shekara 3, ga shi kuma manya ba sa gida. Ƙari a kan haka, kwiyakwiyansa na cikin waɗanda cutar fabo, mai sa amai da zawon jini, ta fi yi wa illa. Ga wanda ya taɓa riƙe babban kare kuma yaransa sun tasa, zan ce bismillah. Ga wanda wannan ne karonsa na farko, a'a.

In mai sayarwar ya kawo maka zancen Bouvier na Beljiyam ko Bernese na Suwizalan, su ma karnukan shanu ne, amma gashinsu na ƙasar ƙanƙara ne. Riƙe su a bazararmu zalunci ne.

Zafi, kaska, da wata allura

Kare ba ya gumi a jiki kamar mu, da haki yake fitar da zafi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke dosar digiri 40, awa biyun nan na motsa jiki ba su da wuri sai bayan asuba ko dab da magariba, wato daidai lokacin da kake shirin fita aiki ko ka dawo a gajiye. Kafin ka fita da shi ɗora bayan hannunka a kwalta, in ba ka iya jurewa ba tafin ƙafarsa ma zai ƙone. Kada kuma a aske masa gashi da sunan taimako, gashin nan biyu ne, na saman yana kare fata daga rana. Blue Heeler ya fi sauran jure zafi, amma yana da aibin rashin sanin lokacin tsayawa, zai bi ƙwallo har ya faɗi.

Karnukan da aka shigo da irinsu daga waje sun fi namu jigata da cututtukan da kaska ke ɗauka, masu sa zazzaɓi da ƙarancin jini, har dasashi ya yi fari fat. Da damina kuma akwai ƙudan nan da tsutsarsa ke shiga ƙarƙashin fata ta yi ƙurji, ya fi kama kwiyakwiyan da ke kwana a ƙasa mai danshi.

Abin da nake so ka riƙe sosai shi ne batun allurar ibamektin, wadda ake sayarwa a kowane shagon maganin dabbobi, mutane na yi wa kare ita da kansu don ƙazuwa ko kaska. Wasu karnukan kiwo suna ɗauke da wata tawaya ta gado, likitoci na kiranta MDR1, wadda ke barin maganin ya tsallaka zuwa ƙwaƙwalwa. Ta fi yawa a Collie mai dogon gashi da Australian Shepherd, inda rabinsu ko fiye ke ɗauke da ita, ta yi ƙaranci a Border Collie da Blue Heeler. Matsalar ita ce a kasuwarmu ba ka da tabbacin jinin wa da wa ke jikin kwikwiyon da aka miƙo maka. Na taɓa karɓar wata karya da aka yi wa irin ta shanu da safe. Kafin dare tana tangaɗi, yawu na dalala, baƙin idonta ya buɗe, ba ta gani. Kwana biyar muka yi muna ƙara mata ruwa muna juya ta daga wannan gefe zuwa wancan kafin ta ɗaga kai. Duk karen da ke da jinin kiwo, kada a yi masa wannan allurar sai a hannun likita.

Abin da zan yi da ni ne kai

Zan nemi kwikwiyon karen gida namu, daga uwar da na san halinta, mai natsuwa da ba ta tsoron mutane. Nauyinsa matsakaici ne, gashinsa gajere, jikinsa ya san zafinmu da kaskarmu, faɗakarwarsa da dare ba ta da na biyu, kuma yana iya kwanciya a inuwa ya wuni ba tare da ya rushe gida ba. Raina shi muke yi saboda mun saba ganinsa a bola, amma wanda aka ciyar da kyau aka yi wa tarbiyya sai an tambaye ka daga ina ka samo shi. Karen Azawak na Buzaye, daga kwarin da ke tsakanin Nijar da Mali, mai tsaron zango da farauta, yau yana cikin rajistar manyan ƙungiyoyin karnuka na Turai da Amurka, ana sayensa da tsada, alhali maƙwabcinmu ne.

Ban ga gidanka ba, kuma hali na bambanta ko a cikin 'yan uwa ɗaya: na ga Blue Heeler mai sanyin hali, na ga Corgi mai rigima. Blue Heeler kuma ba shi da yawa a nan, waɗanda suka ratsa ta hannuna ba su kai na Rottweiler ko karen gida yawa ba. Saboda haka in zuciyarka ta kafe a kansa, ga sharuɗɗana. A samu babba guda a gidan da zai ɗauki nauyin fita da shi safe da yamma kullum, ba mai gadi da ake sauyawa duk wata uku ba. A jira ƙaramin yaronka ya kai shekara 6 ko 7, lokacin da zai fahimci "tsaya cak, kada ka gudu". Kuma in kana da gona ko fili a wajen gari da za ku riƙa zuwa, nauyin ya ragu da rabi.

Wajen saye, kada ka karɓi kwikwiyo ƙasa da mako 8, domin a wurin uwarsa da 'yan uwansa yake koyon sassauta cizo. Je ka ga uwar da idonka. Nemi hoton ranar haihuwa: ainihin wannan irin farare ake haifarsu, sai ɗan tabo a kai ko a jiki, launin tokar ko jan daga baya yake fitowa. Wannan farin yana tafe da haɗarin kurumta ta gado, wadda ke samun kusan ɗaya cikin goma a kunne ɗaya ko duka biyu. Tafa hannu a bayansa lokacin da hankalinsa ke wani wuri zai nuna maka kurman kunne biyu, amma na kunne ɗaya sai gwajin na'ura. Tambayi kuma ko an gwada iyayen kan makantar gado, wadda ke farawa da dundumi bayan kare ya girma. In daga waje za a kawo shi, sai da takardar izinin shigowa daga hukumomin lafiyar dabbobi na tarayya da shaidar riga-kafi. Mai sayarwar da ya ce "kada ka damu da wannan" ka bar masa kayansa.

Ko wanne ka ɗauka, riga-kafin farko na fabo da sauran cututtukan kwiyakwiyai yana farawa a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk mako uku zuwa huɗu har ya kai mako 16, kuma kafin a kammala kada ya taka titi. Ta ciwon haukan kare a wata uku, sannan duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke jihar Filato na yin ta, ana samunta a asibitocin dabbobi na gwamnati. Ragowar tuwo kaɗai ba ta gina kare, yana bukatar nama ko kifi ko ƙwai, kuma a kiyaye shi da miya mai yawan albasa, tana lalata masa jini, a kuma kiyaye shi da ƙashin kaza da aka dafa.

Ranar farko da ya kama dunduniyar yaro, kada a yi ihu, kada a doke shi. Yaron ya tsaya, ya naɗe hannu a ƙirji, babba ya kira karen gefe ya ba shi igiya ko ƙwallon da aka yarda ya ciza, ya yabe shi in ya karɓa. Lokacin guje-gujen yara ya kasance yana ɗaure ko a keɓe har ya koyi zama da umarni. In kuma haƙori ya fasa fata, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a kai yaron asibiti a ranar, a tafi da katin riga-kafin karen.